Bindigar gida ce ta kayar da Hitila?

Yaya, ka ce mun zama Turawa tunda a cikinmu akwai mai ajiye bindiga, har mun yarda da Amurkawa cewa bindigar farar hula ce ta ceci duniya daga Hitila. Mu Hausawan Houston ba mu yarda ba. Ko waɗanda suka auri 'yan ƙasa, musun da suke tafkawa da surukansu ke nan.

Surukan suna da hujja. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami. A 1940, da sojojin Ingila suka baro makamansu a Dunkirk ta ƙasar Faransa, Amurkawa sun tara bindigoginsu na gida suka aika musu. Kuma yaron da ya tashi da farauta ya san saiti, ya san riƙe numfashi kafin jan kunama.

Amma sojan Amurka bai je fagen daga da bindigar babansa ba. M1 Garand aka ba shi, mai cin harsashi 8, ƙirar masana'antar gwamnati ta Springfield. Igwa da bam sun fi bindigar hannu kisa nesa ba kusa ba. A 1944 masana'antar Ford ta Willow Run kusan kowace awa take fitar da jirgin saman yaƙi guda. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27, kuma a fagenta yawancin sojojin Jamus suka mutu. Kai da ke Zariya ma, dubi barikin Chindit, daga yaƙin Bama sunan ya zo. Kakanninmu manoma, wanda ya taɓa harbi a cikinsu sai da bindigar toka, horo aka ba su suka kara da Japan a runduna ta 81 da 82.

Sayen bindiga a nan kuwa, a shago mai lasisi sai ka cike fom 4473 an binciki tarihinka. Doguwar bindiga sai ɗan shekara 18. Ƙarya a fom ɗin laifi ne babba, tana iya sa a kori baƙo daga ƙasar. 'Yan kaɗan ɗin da suka saya a cikinmu, akwatin ƙarfe suke kulle ta, harsashi a wani wuri daban, saboda yara.

Tuwo muna ci, zumunci muna yi, Yaya. Abin da ke hana iyaye mata barci shi ne ɗan firamare ya dawo yana ba da labarin yau sun yi atisayen ɓuya daga ɗan bindiga, malama ta kashe fitila ta kulle ƙofar aji, kowa ya yi tsit.