Amsa: Ƙanwata za ta fito daga gidan gyaran hali

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da ba ki guje ta ba. Kin tambaya ko ki sa ta a rukunin WhatsApp na matan da suka taɓa zaman gidan yari. Ni na ce eh, amma ba ranar da ta fito ba.

Ki fara da abin da zai tare ta a ƙofa: wurin kwana, sannan layin waya. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓewa, sabo kuma sai da lambar NIN. Asusun bankinta ma ƙila ya daskare, sai ta je da kanta da BVN.

Mafi ciwo dai gori ne. Tun 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta Najeriya zuwa ta gyaran hali, amma bakin unguwa bai sauya ba, kuma mace ta fi namiji shan sa, musamman wajen aure da riƙon 'ya'ya. Nan rukunin zai yi mata rana, don wadda ta sha ɗacin ita ke gane shi. Sai dai ki san mai kula da rukunin tukuna, kada ta tura hotonta ko bayanin shari'arta, kuma duk wanda ya nemi kuɗi don samo mata aiki ta rabu da shi.