Wata huɗu a Alkahira, ban san kowa ba sai bangon ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekarata 22. Wata huɗu ke nan da na biyo maigidana Alkahira, yana karatu a Azhar. Muna zaune a Hayyul Ashir, hawa na biyar. In ya fita da safe sai bayan la'asar. Na yi Islamiyya har na sauke, ina ganin na iya Larabci, amma ranar da na je sayen tumatir ko kalma ɗaya ban gane ba, matar ta yi ta dariya. Tun ranar ban ƙara sauka ni kaɗai ba. Abincinsu ba ya shigar min, ga sanyi, kullum ina waya da Mama ina kuka. Na fara tunanin in ce ya mai da ni gida. Me kika gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta mai da ni baya, don ni ma aure ne ya kai ni garin nan, na yi shekara shida a Madinatu Nasr. Tawa mai tumatir ɗin mai albasa ce. Na gyara murya na zuba mata Larabcin littafi, da wasali da komai, sai ta ɗaga hannu ta ce "sadaƙallahul azim". Duk layin ya kwashe da dariya. Na koma gida ba albasa.

Larabcinki yana nan lafiya, kunnenki ne bai saba ba. Mutanen Alkahira suna mai da jim ta koma "ga", shi ya sa jamal ya zama gamal. Ƙaf kuwa haɗiye ta suke yi: ƙalb ya koma alb, ƙahwa ta koma ahwa. In kin riƙe waɗannan biyun, rabin abin da ya toshe miki kunne zai buɗe. Ki ƙara da "bikam" wato nawa ne, "ayza" wato ina so, "gali awi" wato ya yi tsada ƙwarai, sai "ma'alesh" wato yi haƙuri, da za ki ji sau ɗari a rana, ko an taka ki ko kin taka wani.

Ki nemi iznin maigidanki, gobe ki koma wurin matar nan, ita ɗin dai. Ki sayi rabin kilo, jibi ki sake komawa. Bamisira in ta yi miki dariya yau, nan da sati biyu ita ce za ta ajiye miki tumatir mai kyau a ƙarƙashin tebur, ta tambaye ki me ya sa har yanzu ba ki haihu ba. Mai albasata ce ta koya min ƙirga kuɗinsu.

Zancen abinci kuwa, ba zan ce ki so kushari ba. Shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a kwano ɗaya, na daɗe ina yi masa kallon abin da yara suka haɗa. Amma ki shiga shagon attar, mai sai da kayan yaji, ki ga ikon Allah. Karkade da suke ta yabo zoɓonmu ne. Tamar hindi tsamiya ce. Dom goruba ce, su jiƙa ta suke yi su sha da sanyi. Mulukiyya da kike gani koriya shar lalo ce, sai dai su da tafarnuwa suke soya mata kai. A shagunan 'yan Sudan ki ce a ba ki weka, za a auno miki busasshiyar kuɓewa dakakkiya. Ranar da na fara kaɗa miyarta a wancan gari, na ci tuwo har na kasa tashi. Daddawa da kuka ne dai sai kin roƙi mai zuwa daga gida ya riƙo miki, a ɗaure da leda uku saboda mutanen jirgi.

Sanyi zai ƙaru kafin ya ragu. A Janairu, cikin watan da suke kira Tuba, dare kan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma tayil ne. Ki shimfiɗa darduma mai kauri, ki sayi bargo biyu, ki daina yawo ba safa. Kar ki taɓa kunna gawayi ko risho a rufaffen ɗaki don jin ɗumi.

In ƙafarki ta fara sabawa, ki gwada ƙaramar bas. Kuɗin mota hannu da hannu ake miƙa shi har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. In za ki sauka ki ɗaga murya ki ce "ala gamb ya usta", wato direba tsaya a gefe. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, wanda aka buɗe tun 1987, yana da taragun mata zalla a tsakiya, kuma a nan na fi samun sakewa. Za ki gamu da yara masu kiran "samara" saboda launin fata. Abin da ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ni dai wucewa nake yi.

Unguwarku cike take da ɗaliban Najeriya da Nijar, da yawa da matansu. Ki ce wa maigida ya tambayi abokan karatunsa wa ke da iyali kusa, Juma'a ku je gaisuwa. Shi ma ki karanta masa wannan: Malam, ka ɗauko 'yar mutane, karatu ba zai hana ka zaga da ita masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili ranar hutu ba.

Wayar Mama ki mai da ita sau ɗaya a rana, kuma ki riƙa ba ta labarin abin da kika gano a waje, don kukanki yana hana ta barci. Maganar komawa gida, ki ajiye ta zuwa Afrilu, lokacin sanyi ya wuce. In har sannan zuciyarki na nan yadda take, ki sake rubuto min, ki faɗa min kuma nawa matar nan take sai miki da kilo.