Amsa ga ƴar'uwar da ta yi tambaya kan sa zanen hannu cikin albom ɗin waya

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kina haɗa albom ɗin hotunan bikin ƙanwarki a waya, kin zana ƴan furanni da kibau da hannunki kina so ki sa a gefen hotunan, amma duk sanda kika ɗora sai zanen ya zo da farar takardarsa ya rufe hoton, kuma da kika kai an buga miki shafi ɗaya na gwaji sai layukan suka fito dishi-dishi. Na daɗe ina wannan aikin nan Damagaram, katin gayyata da albom ɗin aure da na suna, to bari in faɗa miki yadda nake yi, ki ɗauki wanda ya yi miki.

Yawancin matsalar tun a takarda take farawa, ba a waya ba. In kin zana a kaye na ƴan lekwal mai layi-layin nan, manhaja ba ta san wanne ne layinki wanne ne na kaye ba, duka za ta kwaso miki. Ki nemi farar takarda fes irin ta fotokopi, A4. Kireyo kuma, wato fensir, ki bar shi a matsayin na fara shata kawai, don yana ƙyalli a hoto kuma ba ya baƙi sosai, ki bi kansa da baƙar maka mai siririn baki, ki jira ta bushe sannan ki goge kireyon. Bik shuɗi ma yana wahalarwa wajen cirewa, baƙi ya fi. Abin da ni na fi so wallahi shi ne alƙalamin kara da tawadar makarantar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro ɗin nan, saboda layin yana fitowa wani wuri da kauri wani wuri siriri, inda tawada ta fara ƙarewa har ya ɗan tsattsage, wannan babu wani burushi na waya da na gani ya yi shi daidai haka. Sai dai ki yi haƙuri ta bushe sarai kafin ki taɓa.

Kuma ki zana shi da girma, ya fi yadda kike so ya fito a shafi. Furen da zai zauna ɗan ƙarami a kusurwa ki yi shi kamar faɗin tafin hannunki. Zane in an rage shi kyau yake ƙarawa, in an ja shi an ƙara masa girma sai ya fashe, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ya sa naki ya yi dishi-dishi.

Ɗaukar hoton zanen, ki fita tsakar gida da safe ki samu inuwa mai haske, kar ki shiga cikin rana tsaka kuma kar ki kunna filashi. Ki shimfiɗa takardar a kan abu mai lafe, ki riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, in inuwar hannunki na faɗawa kan takardar ki jingina ta a bango ki ɗauka daga gaba. Lokacin hunturu ki riƙa goge idon kyamara da gefen mayafi, ƙurar garin nan kaɗai ta isa ta sa hoto ya yi hazo. In kina da zane da yawa, kamar takarda biyar ko shida, ya fi sauƙi ki kai wajen masu fotokopi su yi miki sikan, ki ce musu 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, su tura miki.

To yanzu maganar farin da ke rufe hoto. Hoton da waya ke ɗauka yawanci nau'in fayil ɗin JPG ne, shi kuma JPG ba ya iya ajiye wurin da babu komai, dole sai ya cika shi da launi, shi ya sa farin ke biyo zanen duk inda ya je. Nau'in fayil ɗin PNG ne ke iya barin bayan zane wayam. Ni da manhajar zane ta ibisPaint X nake yi, kyauta ce, in kika shigo da hoton tana tambayarki ko ta ciro miki layin zanen, ki amsa e, sai ki ja ma'aunin baƙi da na fari a hankali har takardar ta ɓace layin ya tsaya shi kaɗai. Kar ki ja da yawa, in kin wuce gona siraran layuka su ma tafiya suke. Daga nan ki zuƙo hoton sosai ki bi da magogi ki share ɗige-ɗigen ƙura da suka maƙale, ki ajiye shi a PNG mai bayan wayam, sannan ki kai shi Canva ko PixelLab ko duk inda kike jera shafin. Canva na da nata maɓallin cire baya amma na masu biyan kuɗi ne, kuma an fi yin sa don mutum ko kaya, siririn layi yakan ci shi. In a kwamfuta kike, GIMP ko Photopea suna yi. Akwai kuma gajeruwar hanya in manhajarki na da leya, wato tana ɗora zane a kan hoto hawa-hawa kowanne daban, ki sa leyar zanen a zaɓin Multiply, in ta Faransanci ce za ki ga Produit ko Multiplier, farin zai ɓace nan take. Amma wannan a kan shafi mai haske kawai yake aiki, in bayan shafin baƙi ne ko shuɗi mai duhu zanen nutsewa zai yi, a nan sai dai PNG ɗin, ki canza masa launi zuwa fari ko ruwan zinari.

Girman shafi ki tsayar da shi tun farko. Masu wannan aikin a Amurka sun saba da shafi inci 12 a kan 12, wato fiksel (ɗigon hoto) 3600 a kan 3600 a 300 dpi, amma nan wa zai buga miki wannan cikin sauƙi? A4 muke da ita, ki buɗe shafi mai fiksel 2480 a kan 3508. In kuma irin hoton situdiyo ne santimita 10 a kan 15, wajen 1200 a kan 1800 ya isa. Sannan don Allah in za ki tura wa mai bugawa ta WhatsApp ki tura a matsayin dokiman, kar ki tura ta wurin hoto, don matse shi take yi ta rage masa nauyi, kuma layin zane ne farkon abin da ke lalacewa. Ko ki sa a kile, wato USB, ki kai da ƙafarki.

Sai abin da za ki zana, nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Zukata da taurari da furannin nan na intanet kowa na da su, in su za ki kwaikwaya to wahalar banza ce, ki ɗauko na Canva kawai. Ki shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da yamma ki ɗaga kai ki dubi fuskar tsofaffin gidaje wajen fada, zanen da magina suka yi a jikin bango, dagi, da'ira cikin da'ira, layukan da ke shiga juna suna fita, ga zankwaye a saman soro. Ki dubi aikin dukawa a jikin jakar fata da filo a kasuwar Dole, ki dubi zayyanar allon sauka, da zanen jikin ƙwarya. Na taɓa yi wa wata amarya albom, hoton hannunta na ranar lalle na ɗauka na kwafi reshe ɗaya kacal daga cikin zanen da mai lallen ta yi mata, na zana shi da tawada, na maimaita shi a gefen kowane shafi da launin ja mai duhu irin na lallen. Shi kenan adon littafin gaba ɗaya, ko fure ɗaya ban ƙara ba, kuma ya haɗa shafukan suka zama abu guda. In hotunan hawan sallah ne, laimar sarki da algaita da kakaki sun isa, ba sai kin iya zana doki ba, dama wasu iyayen ba sa son zanen abu mai rai a littafin da zai zauna a ɗakinsu, gara ki tambaya kafin ki ɓata lokaci. Ayar Alƙur'ani ma ni ba na sa ta a katin da na san za a jefar bayan biki.

Rubutun hannu shi ma zane ne, kar ki manta da shi. Ki ba Inna ko Kaka maka ta rubuta sunan amarya ko addu'a gajera, da ajami in shi ta iya, ki cire bayan kamar yadda na faɗa ki sa a shafin farko. Na yara ma haka, kwashe-kwashen da ƙaramin yaro ya yi a takarda yana kyau ƙwarai a albom ɗin sunan ƙaninsa. Kuma kar ki gyara karkacewar layi, mutane na ɓata lokaci suna miƙar da shi har ya koma irin na inji, alhali karkacewar ce ta sa kika ɗauko alƙalami tun farko.

Wajen jerawa ki rage hannu. Zane kamar gishiri ne a miya. Shafi ɗaya zane biyu ko uku, launi ɗaya ko biyu da kika ɗauko daga cikin hoton kansa, misali daga atamfar anko, kar ya hau fuskar kowa, amma ki bar shi ya ɗan taɓa gefen hoton don kar ya zama kamar yana yawo shi kaɗai. Inuwa kuma kar ki sa wa layin zane, hoto ake sa wa ƴar inuwa don ya zama kamar an manna shi, shi zane ya kamata ya kwanta a jikin shafin kamar a nan aka yi shi.

Duk PNG ɗin da kika gama ki tara su a folda ɗaya ki ajiye kwafi a Google Drive ranar da rezon intanet ya yi kyau, za su yi miki aiki a wani bikin. Kafin ki buga littafin duka ki sake buga shafi ɗaya ki duba shi a hasken rana, don launi a takarda yakan fi na waya duhu. In kin yi na farkon ki turo nan mu gani, in akwai inda ya maƙale sai in nuna miki.