Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa kwale-kwalen kayak na katako da hannuna a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni mazaunin Agege ne, na taɓa hawa kayak na roba a Ikoyi abin ya shiga raina sosai. Naga a intanet ana sayar da na katako a yayyanke, mutum ya haɗa da kansa. Wanne zan zaɓa, kuma wanda ba kafinta ba zai iya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zaka iya wallahi, aikin ya fi buƙatar haƙuri akan gwanintar kafinta.

Iri biyu zaka fi cin karo dasu. Akwai wanda ake jera siraran katakon sida, wani itace mara nauyi, ɗaya bayan ɗaya akan ƙwarangwal, yana da kyau ƙwarai amma yana cin lokaci, ka barshi sai jirginka na biyu. Ɗayan shine na ɗinki da gam, za'a aiko maka falankin filawud da inji ya yanka, yawanci kaurin milimita 4, da ƙananan huji a gefe, kai kuma ka ɗinke su da wayar jan ƙarfe kamar yadda baduku ke haɗa fata, kana ɗaurewa kana ganin falankin na lanƙwasa da kansu har siffar jirgi ta fito. Shi nake baka shawara. Kamfanoni irin Chesapeake Light Craft a Amurka da Fyne Boat Kits a Ingila suna sayar da irinsa.

Wajen girma kar siriri dogo na mita 5 ya ruɗe ka, na teku ne, sabon shiga zai ji yana ta rawa a ƙarƙashinsa. Tunda ruwan lagun zaka shiga, irin su Five Cowrie Creek ko Epe ko Badagry, nemi mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, faɗi kamar santimita 65 zuwa 70, ka duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, sannan ya zama yana da ɗakunan iska a rufe gaba da baya don ko ya kife ba zai nutse ba. Kuma ka auna ƙofar gidanku tun yanzu, don in a cikin ɗaki ka haɗa dole wata rana ya fita.

Maganar kuɗi, farashin da ka gani a dala ba shine ƙarshe ba, akwatin dogo ne, ga kuɗin jigila ga kwastan, ga kuma ifoksi wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu, shi sinadari ne ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko ba, ka tambaya kafin ka biya. Wasu zanen kawai suke saye su yanka a nan, to anan nake jin tsoro. Katakon da ya dace okume ne, itacen Gabon, mai lamba BS 1088 wato shaidar ingancin filawud na ruwa, kuma ba duk filawud ɗin da aka ce maka na ruwa ne a kasuwar Mushin yake na ruwa ba. Ka yanki guntu ka tafasa a tukunya kamar awa ɗaya, in ya ɓare gida-gida ka barshi. Dan Allah kuma kar wani ya ce maka ruwan foliyesta na masu gyaran bamba ɗaya ne da ifoksi, baya kama katako kamarsa.

Yanzu inda yawanci aiki ke lalacewa a garin nan, zafi da danshi. Littafin da zai zo da kayan an rubuta shi ne don masu zama a ƙasar sanyi, mu nan ifoksi in ka dama da yawa a kofi zai ɗau zafi da kansa ya daskare a hannunka kafin ka shafa rabi, wani lokaci har hayaƙi yake, don haka ka nemi mai jinkirin bushewa, ka riƙa damawa kaɗan-kaɗan kana juyewa a faranti mai faɗi, awo kuma daidai yadda aka rubuta ba ƙari ba ragi, ƙara ruwan daskarewa, wato ɗayan ruwan biyun da ke sa gam ɗin ya daskare, ba zai sa ya fi ƙarfi ba sai ma ya bar maka shi yana danƙo. Shafin farko akan katako kayi shi da yamma lokacin da zafi ke sauka, in kayi da hantsi iskar dake cikin katakon zata riƙa fitowa ta cika maka jikin jirgi da kumfa. Da damina kuma zaka ga wani maiƙo-maiƙo a sama bayan ya bushe, ka wanke da ruwa da soso ka bari ya sha iska kafin samfefa ko wani shafin, in ba haka ba na sama ba zai kama ba. Ni da zaka ji tawa ka fara a Disamba ko Janairu.

Kafin ka sa gam ko ɗigo ɗaya, ka tsaya daga goshin jirgin ka hango shi har baya ka tabbatar bai murɗe ba, waya ana kwancewa a gyara, gam kuwa shikenan. Daga nan ka cike kusurwoyi da ifoksi haɗe da garin katako mai laushi, ka zare wayoyi, ka shimfiɗa yadin faiba wato yadin zaren gilashi da ake jiƙawa da ifoksi, sai samfefa wadda ita ce rabin aikin gaskiya. Safar hannu da takunkumi dole ne, ifoksi na jawo ƙaiƙayin fata wanda in ya kama mutum da wuya ya rabu dashi. A ƙarshe banish na jirgin ruwa shafi uku zuwa biyar ko fenti, don rana na cinye ifoksi, ajiya kuma a inuwa ba a ƙasa ba.

Ranar sa shi a ruwa ka sa rigar kariya daga nutsewa, kaje da wanda ya saba, ka zaɓi safiya ruwa na kwance, ka nisanci hanyar jiragen fasinja masu gudu da ɓangaren Apapa, kuma ka fara tuntuɓar hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas kan inda aka yarda a shiga. A wuri mara zurfi ka kifar dashi da gangan sau biyu ko uku ka koyi fita da komawa ciki kafin kayi nisa da gaɓa.