Ranar Oro a Ikorodu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an gaya maka ranar Oro, wato bikin gargajiyar Yarbawa, mata ba sa leƙa waje, kasuwar Sabo tana zama kamar an share, kuma kana tsoron ko bin wannan doka shiga tsafin wasu ne.

Fara sanin garin tukuna. Ikorodu tsohon garin Yarbawan Remo ne, tun kafin Turawa su haɗa shi da mulkin Legas a 1894. Ayangburen ake kiran sarkinsa a yau. Bakin ruwa ne ya raya shi: kwale-kwale na dakon kaya daga Ebute, mashigar ruwan garin, zuwa Eko, wato Legas, fatake na gangarowa daga Shagamu. Masana'antu daga baya suka zo. Ga kamfanonin narka ƙarfe a Odogunyan, waɗanda gwangwan ɗin da kuke tarawa ke ciyar da su, ga tashar lantarki ta Egbin mai megawat 1,320. Baƙi sun cika gari, amma ƙasa tana da masu ita, kuma Oro tasu ce.

Manyan bukukuwan Oro biyu ake yi a shekara, Magbo da Liwe, galibi wajen Mayu da Yuni. Fada ce ke sanar da ranar. Kukan da za ka ji yana tashi yana sauka, wani faffaɗan katako ne da ake ɗaure wa igiya a riƙa wulwulawa a iska. A wurinsu mace ba ta ganin Oro, ko 'yar wace ƙabila ce.

Zaman mutum a ɗakinsa ba bauta ba ne. Abin da addini ya hana ka shi ne ka ba da kuɗin yanka, ko ka ci naman, ko ka bi ayarinsu. Rufe ƙofa kuwa kare iyali ne.

Shiri tun jajibiri ake yi. A cika jarkoki da ruwa, don masu kurar ruwa ba sa zagayawa sosai. A sayi gawayi ko gas, da cefanen kwana biyu. Mai ciki da ta kusa, a kai ta wajen dangi a Ketu ko Mile 12 tun da wuri. Naƙuda ba ta duba sanarwar fada. Matar da ke aikin dare a kamfani ta nemi hutu ko ta kwana can, domin a dawowar asuba ake samun matsala. 'Yan mata masu talla a hana su fita gaba ɗaya. Kai kanka kada ka ɗaga waya ka ce za ka ɗauki hoto, nan rigima ke farawa. Motar gwangwan ma a loda ta washegari, don direba ba zai so ratsa cikin gari ba, kuma kuɗin kwanan mota kai za ka biya.

Ni ban yarda da kulle mata da rana tsaka ba, yana hana mutane abinci da asibiti, kuma 'yan garin da yawa, Musulmi da Kirista, suna faɗin haka. Amma koke ta hannun Sarkin Hausawa da limamai yake bi zuwa fada. Samari ba sa kai shi kan titi.

Ka je ka gaishe da Sarkin Hausawan Sabo ya san da zamanka, ka kuma karɓi lambar wani daga mutanensa, su ne ke fara jin ranar.