Tambaya da Amsa: Yadda Ƙwayoyin Jiki Suke Kwafe DNA

Tambaya: Malam, an ce DNA ɗin duk ƙwayoyin jikinmu iri ɗaya ne. Shin kwafe shi ma hanya ɗaya suke bi? Daga wata ɗaliba, Gwale, Kano.

Amsa: A'a, 'yata. Ƙwaya kan ɗauki kusan awa 8 tana kwafe haruffa biliyan 6 na DNA, wato rubutun bayanan gado da ke cikinta, tana farawa daga dubban wurare, kowane ɓangare yana tafiyar haruffa 1,000 zuwa 2,000 a minti. Inda bambancin yake shi ne jerin aikin. Wurin da ƙwaya take amfani da shi a buɗe yake, shi ake fara kwafewa. Wanda ta nannaɗe ta ajiye sai daga baya.

Dubi ƙwayar gado ta beta-globin, wato sashen DNA mai umarnin ƙera wani ɓangare na sinadarin jan jini, wadda matsalarta ke kawo sikila. A ƙwayoyin da za su zama jan jini da wuri ake kwafe ta, a ƙwayoyin fata kuwa sai can ƙarshe. A jikin mace, kowace ƙwaya tana da ƙunshin DNA biyu da ake kira X, ɗaya a rufe; wanda aka rufen ma a makare ake kwafe shi.

Wannan makarar tana da illa sosai: kurakurai sun fi taruwa a wuraren da ake kwafewa a ƙarshe, abin da ake gani ƙarara a ciwon daji. Manyan ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa sun daina rabuwa, ba sa kwafin ma.