Tambaya da Amsa: Yayana a Jamus yace an hana sayar masa da fentin tsohuwar mota, gaskiya ne ko rowa ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, sana'ata ɗinki ba kanikanci ba, amma akwai Fijo 504 da marigayi babanmu ya bari, ta fi shekara goma a ƙofar gida har awaki sun maida ƙarƙashinta ɗakin kwana, shine nace bari in tada ta, duk Lahadi sai na ɗan taɓa wani abu. Inji ya tashi alhamdulillahi, an buge bodi, saura fenti. Ni irin fentin da nake so, selulos, kalar ruwan madara, shine na roƙi yayana dake Hambug ya sayo ya sako min a kwantena, sai yace wai shagon sun ƙi sayar masa, wai dokar muhalli ce ta hana sai mai gareji. Malam tsakani da Allah akwai wannan doka ko dai Yaya baya son kashe kuɗinsa ne? Sannan wani abokina a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, yace in manta da selulos in sayi tu-ke (2K, fentin da sai an haɗa shi da wani ruwa na biyu kafin a fesa), zai ara min komfuresa in fesa da kaina a tsakar gida. Me ka gani?

Mai karatunku, daga Aboabo

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai kaje ka nemi gafarar Yaya, don dokar nan akwai ta.

Tarayyar Turai ce ta fitar da ita a 2004, ta fara aiki a kan fentin gyaran mota ranar 1 ga Janairu 2007. Ba sunan selulos aka kira aka ce haram ba, abinda aka yi shine an sa iyaka a kan tina da sauran sinadaran nan masu tashi sama suna wari, waɗanda suke cewa VOC. A fentin sama VOC ɗin kar ya wuce giram 420 a lita ɗaya in an gama haɗa shi za'a fesa, na ƙasa da ake fara shafawa kuma 540. To selulos kuwa kai ma ka sani sai an tsinka shi da tina sosai kafin ya bi bindiga, don haka ya tsallake iyakar nan nesa ba kusa ba. Dalilinsu kuma ba na banza bane, wannan tururin in ya haɗu da hayaƙin motoci rana ta buge su sai ya zama wani hazo mai ƙona ido da ƙirji, irin wanda ya daɗe yana damun mutanen Los Anjeles, shi yasa ma Kalifoniya tafi ko'ina tsanani a Amurka.

Amma ba'a rufe ƙofa ruf ba. Ita dokar da kanta ta yarda kowace ƙasa ta bada izini na musamman a sayi ɗan kaɗan don tsoffin motoci masu tarihi, sai dai harkar takarda ce, kuma mai shago ba zai ɗaukar wa kansa rigima saboda gwangwani biyu ba. A Amurka ma dokar da hukumar muhallinsu ta fitar a 2008 ta cire wanda yake fesa motarsa don sha'awa in bai wuce mota biyu a shekara ba. Kaga ba masu sha'awa irinku aka tasa gaba ba, kamfanoni ne suka koma yin fenti mai ruwa wanda yake son ɗaki da iska mai busarwa, sai mai gyara a gida ya tsinci kansa a waje.

Ko da ma sun sayar masa, fenti da tina kaya ne masu kamawa da wuta, jirgin sama baya ɗauka a jakar fasinja, a kwantena kuma sai an bayyana shi a matsayin kaya mai haɗari. Wahalar tafi ƙarfin abin. Kuma bari in ɗan rage maka zafi, fentin da motar ta fito dashi daga kamfani gasa shi aka yi a tanda mai zafi, selulos ɗin da kake tunawa na masu gyara ne.

Yanzu maganar abokinka, nan ne hankalina ya tashi. Tu-ke yana da kyau ba ƙarya, yana sheƙi yana jure ranar nan tamu, amma hadinar da ake zuba masa, wato ruwan da yake sa shi ya yi tauri, tana ɗauke da wani abu aisosayanet, shi ne yake sa masu fenti asma, kuma in jikin mutum ya riga ya ƙi shi to ko ɗan kaɗan ya shaƙa ƙirji zai rufe, wani har ya bar sana'ar. Takunkumin takarda ko hankici baya tare shi, abinda ake so shine takunkumi mai tiyo da yake turo maka iska mai tsabta daga waje. A Turai tun 24 ga Agusta 2023 ko ƙwararre sai an bashi horo kafin ya taɓa shi. Kai kuma tsakar gidan haya kake magana, ga shanya a igiya, ga yara suna guje-guje, ga Hajiya can ta hura gawayi a kurfoti tana tuwo, tururin tina kuma ƙasa yake bi har ya tarar da wuta. Hazon fentin ma ba tafiya yake ba don ka kashe komfuresa, yana nan a iska ba ka ganinsa. A'a ƙanina, ban yarda ba.

Abinda zan ce kayi shine ka riƙe aikin da hannunka zai iya, goge tsatsa, cike rami da fila, bi da samfefa da ruwa har in ka shafa tafin hannu ido a rufe baka jin tudu, don kyan fenti daga nan yake fitowa. Fesawar kuma ka kaiwa masta mai ɗakin fenti a Magazin, ka fara zuwa kaga motar da ya fesa bara ba wadda ya gama jiya ba. Kala kuwa ka duba lambar fenti a jikin motar, in ta goge ka cire murfin tanki ko wani ƙarfe na ciki da rana bata ci ba ka kaiwa masu haɗa kala, su gwada a ɗan ƙarfe ya bushe ku duba a rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. In har ranka na kan selulos ka kiyayi ranar da garin yayi laima da damina don yakan yi fari-fari kamar an hura masa toka, da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

Shi kuma Yaya tunda yana da niyya, ka canza masa aike, robobin gilashi da na ƙofa da fitilun baya na 504 zaka ce ya nemo maka, waɗannan babu wanda zai tambaye shi takarda.